Doyar Iware a Motar Wasa

Motar tana nan a tsakar gidanmu, ƙarƙashin mangwaro, inda Baba ya saba ajiye ta. Kullum da safe idan na fito da tsintsiya sai in kewaye ta daga nesa, in bar ganyen da ya zuba a ƙarƙashinta. Mama ta yi mini faɗa a kan wannan rabin shara har ta gaji. Na kasa gaya mata cewa da zarar na matsa kusa da tayar baya sai in ji tsakar gidan ya fara juyawa da ni.

Tsohuwar mota ce 'yar Jamus, irin wadda tayoyin baya ne suke tura ta. Baba ya saye ta lokacin yana aiki a sakatariya, ya yi shekaru yana lallaɓa ta, ko ƙaramin rami ya gani sai ya kusa tsayawa. Da ya rasu makulli ya koma hannun yayana, ba wanda ya ce komai, shi ne babba. Ni kuma na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran gurbin karatu, sai na zama mai taya Mama sana'arta. Doya take sarowa a Iware ranar kasuwa, ta kasa a ƙofar gidanmu a Nukkai. Motar Baba ce take ɗauko doyar tun yana raye. Buhunan Mama da igiyarta ma a cikin but ɗin, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, suke kwana.

Yayana ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikata, mutum mai sanyin hali daga Litinin zuwa Juma'a. Ran Asabar ne nake rasa gane shi. A garin nan idan an ɗaura aure, ko an fito da amarya daga coci, samari sukan tara motoci a wani fili su yi ta juya su, taya tana kuka, 'yan mata suna ɗauka a waya. Mu muna cewa wasan mota, su suna cewa dirif. Abin da ake nema shi ne bayan motar ya zame gefe, gabanta kuma ya ci gaba da bin inda direba yake so, ta yi ta tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Yayana ya iya, ba zan hana shi wannan ba. Idan ya shigo fili har masu tallan ruwa sukan sauke roba su kalla.

Wajen Ista ya fara taɓa ƙafafun motar. Wata rana ya dawo da ita daga gareji, na ga ta zauna ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Tayoyin kuma sun yi gwame, samansu ya shige ciki, ƙasansu ya buɗe waje. Mama ta tsaya da tire a hannu ta daɗe tana kallo.

"Wa ya buge motar nan?"

"Ba wanda ya buge ta, Mama. Gyara ne."

"Gyara ne ya karya masa ƙafa?"

Ya yi dariya ya ce haka ake yayi yanzu. Mama ta ce to, ta wuce kicin.

Ni ya tsare da bayani, domin ni kaɗai ce a gidan ba ni da wurin gudu. Na fito zan shanya kaya ya kira ni.

"Auta, zo ki tsaya nan. Haɗa gwiwoyinki. Yauwa. Tsaya a kan gefen ƙafa na ciki."

Na tsaya cikin silifas kamar wawiya, bokiti a hannuna. Ya sa hannu a kafaɗata ya tura ni gefe.

"Ƙafarki ta can, yaya ta yi?"

"Ta kwanta."

"Shi ne kamba."

Ya ce idan mota ta shiga kwana da gudu, nauyinta duk yakan koma gefen waje, jikinta ya jingina. Tayar da take tsaye cir sai ta birkice ta koma kan bakinta na waje, ta rasa abin kama ƙasa. Amma wadda aka riga aka karkata ta ciki, idan nauyi ya danne ta sai ta kwanta da fuskarta gaba ɗaya a kan kwalta, ta riƙe. Don haka ya karkata na gaba, saboda ko bayan motar ya tafi yawo, sitiyari ya ci gaba da jin maganarsa.

Na ce, "To idan ba a kwana ake ba fa? Idan hanya miƙe take?"

"Sai ta taka da gefen ciki. Ɗan abu ne, taya ce kawai take ɗan cinyewa ta can."

"Na baya kuma?"

Nan ne idonsa ya yi haske. Ya ce na gaba yana so su kama, na baya yana so su saki. Manyan 'yan wasa da yake kallo a waya, in ji shi, nasu na baya kusan a tsaye suke, domin injinsu yana da ƙarfin da zai fizge taya ko ta kama ƙasa da kyau. Injin Baba kuwa ya tsufa, ba zai iya ba sai an taimaka masa. Shi ya sa ya sa aka yanke sifirin na baya, murɗaɗɗen ƙarfen nan da yake ɗage jikin mota, motar ta sauko, tayoyin suka buɗe da kansu. Ya sa shokazoba mai tauri, ya kuma ɗura wa tayoyin baya iska har suka zama kamar dutse. Ya hau kan but ya zauna, ya ce in duba. Na duba, na ga ƙasan tayar ya ƙara fita waje.

"Kin gani? Duk yadda bayan ya ƙara zama, haka suke ƙara buɗewa. Taɓa ta kaɗan, ta tafi."

Da bakinsa ya faɗa, yana zaune a kan but ɗin da muke zuba doya. Na ce masa kayana za su bushe a bokiti, na tafi. A lokacin tsohuwar doya ta kusa ƙarewa, abin da Mama take sarowa bai taka kara ya karya ba, kuma shi yake tuƙawa. Na dai lura ko a hanya miƙaƙƙiya hannunsa ba ya hutawa a kan sitiyari, yana ta ɗan gyarawa dama da hagu yana fito. Na ɗauka salo ne.

Shi ne ma ya koya mini tuƙi, a motar nan, tun kafin ya taɓa ta. Ya sha faɗa wa abokansa cewa ƙanwarsa ta fi su natsuwa. Saboda haka ranar da sabuwar doya ta fito, shi kuma aka ce ana tantance ma'aikata a ofis, duk wanda bai je da kansa ba ya san sauran, sai ya jefo mini makulli ko a jikinsa. Ya ce in bi a hankali, in kula da shanu.

Mama tana da abin da take yi kafin kowace tafiya, a wurin Baba ta gada. Takan zagaya motar, ta shuri kowace taya da ƙafa, ta sunkuya ta dubi zanenta, sannan ta dafa murfin inji ta yi addu'a. Ran nan ma ta yi. Ta shuri ta baya, ƙafarta ta dawo.

"Tayan nan yana da ƙarfi. Ga zane kamar sabo."

Gaskiyarta, daga waje haka yake.

Zuwa lafiya muka je. Doya ta yi araha ranar, Mama ta saki jiki ta saya. Masu dako suka cika but har sai da aka ɗaure murfi da igiya, suka jera sauran a kujerar baya. Wani daga cikinsu ya ja da baya ya kalli motar ya ce, "Mama, motarki ta durƙusa tana gaishe ki." Kowa ya yi dariya, har da ni. Na ga tayoyin baya sun baje, na ji wani abu ya taɓa zuciyata, amma hadari ya haɗo, Mama tana cewa mu kama hanya kafin ya sauko.

Ya sauko muna tsakiyar hanya. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne, irin wanda yake jiƙa kwalta ya bar ta tana ƙyalli. Ban yi gudu ba. Wannan na faɗe shi a gida, na faɗa wa Kawu, na faɗa wa duk wanda ya zo, kuma ina sake faɗa a nan tunda takarda ba ta katse mutum. Motocin haya ma wuce ni suke ta yi suna fesa mini ruwa. Akwai wata kwana mai gangara kafin a shigo gari. Ina shiga na hango saniya ta sa ƙafa ɗaya a kan titi, can gaba kuma tirela tana hawowa. Na ɗaga ƙafa daga totur na taɓa birki, abin da kowa zai yi.

Ban ji ƙara ba. Abin da har yanzu yake tashe ni daga barcin rana ke nan, shirun. Na dai ji kujerar da nake kai ta yi sauƙi, kamar an zare tabarma daga ƙarƙashina. Inda ya kamata in ga titi sai na ga gonar masara. Sai na ga gaban tirelar ta tagar Mama, kusa, har ina ganin yaron motar ya dafe kai. Sai masara kuma ta ɗaya gefen. Doyar kujerar baya ta taso ta zubo mana, ɗaya ta daki Mama a kafaɗa, ɗaya ta shige ƙarƙashin ƙafata. Mama tana kiran sunan Yesu a hankali, ba da ihu ba, kamar tana kiran wani da yake zaune kusa da ita. Tirelar ta wuce da hon ɗinta, iskarta ta girgiza mu. Da komai ya tsaya, bayan motar yana cikin ciyawa, gabanta yana kallon Iware inda muka fito, waifa tana ta aikinta.

Mutane suka taru, ban san daga ina ba. Na kasa sakin sitiyari, sai da wata mata mai tallan nono ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Wani mutum ya leƙo ta taga, ya juya ya sanar da na bayansa.

"Mace ce ke tuƙi."

Na ji an ce, "Ai ho." Shi ke nan, an gama bincike.

Wani direba ne ya tuƙo mu gida, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa, yana cewa motar nan tana rawa.

Kashegari aka fara zuwa jaje. Matan zumunta na cocinmu suka cika tsakar gida, suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka shafa wa Mama man zafi a kafaɗa. Kowace ta zo wurina sai ta ce, "Sannu 'yata, Allah ya kiyaye gaba, amma tuƙi ba na gaggawa ba ne." Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Bafulatana da muke kira Dada, ta kawo fura ta riƙe hannuna ta ce in sha, jiki zai dawo. Ita kaɗai ce ba ta ba ni shawara ba. Kawu, ƙanin Mama, ya zo da yamma ya zauna a kujerar Baba ya yanke hukunci: kada a sake ba ni makulli.

Makullin bai dame ni ba. Ko an ba ni ba zan karɓa ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ranar kasuwa tana zuwa, doya tana kan fitowa, kuma Mama za ta sake shiga motar nan, a sake cika but, a sake bin kwanar nan cikin damina.

Na sami yayana yana wanke laka daga bayan motar. Tun da abin ya faru yake lallaɓa ni, ya sayo mini tsire, ya daina aike na. Ya ji tsoro shi ma, na ga idonsa ranar da muka dawo. Amma da na buɗe baki sai ya riga ni.

"Auta, kin san kin yi juyi cikakke? Abokaina wata nawa suna nema ba su samu ba."

"Yaya, ba abin dariya ba ne."

"Na sani. Amma da kin juya sitiyari inda bayan ya tafi, kin ƙara wuta kaɗan, da ta miƙe da kanta. Birkin ne ya ɗauke nauyi daga baya."

"Ni ba wasa na je yi ba. Doya na je ɗaukowa."

"Shi ya sa daga yau ni zan riƙa kai ta."

"Kai ka ce mini idan bayan ya zauna tayoyin suna ƙara buɗewa. Kai ka ce taɓa ta kaɗan ta tafi. A nan ka faɗa, kana zaune a kan but."

Ya matse soso ya ce haka ne, amma a hannun wanda ya san ta ba matsala ba ce. Na ce saniya ba ta san hannun wanda ya san ta ba. Na roƙe shi ya mayar da ƙafafun yadda Baba ya bar su. Ya ce sifirin da aka yanke ba ya komawa, sai an nemo wani a wurin masu kayan gwanjo, kuma ran Asabar abokinsa yana aure a Mayo Gwoi, ya riga ya yi alkawari, an ma sa hoton motar a gayyata ta waya. Bayan biki zai duba. Na san wannan bayan bikin. A garin nan Asabar ba ta wucewa ba biki.

Na je wurin Mama. Tana zaune tana ware doyar da ta fashe daga mai kyau. Na fara yi mata bayanin kamba, har na tashi na haɗa gwiwoyi na tsaya a gefen ƙafa kamar yadda aka yi mini. Ta kalle ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi.

"Zauna, jikinki bai dawo ba tukuna."

"Mama, motar ce. Ba ni ba ce."

"Ba wanda ya ce ke ne. Tsautsayi ne. Allah ya tsare."

"Kowa ya ce ni ce."

"To ki bar su. Ni ban san taya ba. Yayanki ya san mota, shi zai tuƙa."

Na kira Kawu a waya na ce don Allah ya zo ya duba da idonsa. Ya zo, ban raina masa ba. Ya zagaya motar da hannu a baya, ya shuri taya, ya sunkuya kaɗan iyakar yadda cikinsa ya bari, ya dubi zane.

"Tayar nan ai ta fi tawa. Ke dai tsoro ne bai sake ki ba."

Na ce ya duba ta ciki. Ya ce ciki da waje ai taya ɗaya ce, ya tambayi Mama ko akwai sauran doyar da ta fashe a ba shi ya kai gida.

Duk gidanmu haka muke duba taya, mu shura, mu kalli abin da ido ya kai. Baba ma haka yake yi, kuma a zamaninsa hakan ya isa, domin tayarsa a tsaye take, yadda waje ya ci haka ciki ya ci. Ba wanda ya lura cewa motar da ake shura yanzu ba ita ce waccan ba.

Ana gobe kasuwa da rana, gidan ba kowa, na ce ko zan mutu sai na gani. Na shimfiɗa buhu a bayan motar. Sau biyu ina durƙusawa ina tashi, warin roba da laka yana mayar da ni cikin masarar nan. Daga baya na rufe ido na kwanta, na zura hannu ta bayan tayar, na shafa gefen ciki. Sumul yake kamar bayan cokali. Na ƙara matsawa, wani abu ya soke ni. Na fito da hannu, jini a yatsu biyu. Na haska fitilar waya na leƙa. Wayoyin cikin tayar ne suka fito, sun yi tsaye kamar gashin burushi, zagaye guda. Ɗayar ma haka. A kan wannan muka ɗora doya muka shiga ruwa.

Ban wanke hannun ba sai da yayana ya dawo daga aiki. Na nuna masa. Bai yi musu ba, ya cire rigar ofis ya kwanta ya leƙa, ya daɗe a ƙarƙashi. Da ya fito fuskarsa ta canza.

"Ban san ta kai haka ba."

Na ji wani sanyi, na ce a raina yau dai an ji ni. Ya ɗauki makulli ya fita. Na zauna a bakin ƙofa ina jira, har na fara tunanin yadda motar za ta dawo a tsaye kamar da.

Kafin magariba ya dawo, gwamen yana nan yadda yake. Wurin mai faci ya je, aka cire tayoyin baya daga wili aka juya su, gefen da ya cinye ya koma waje, mai zanen ya koma ciki.

"Kin gani? Yanzu gefen mai kyau ne yake taka ƙasa. Kamar sabuwa."

"Yaya, karkatar fa? Iskar fa? Sifirin?"

"Bayan biki, na ce miki."

"Gobe ne kasuwa."

"Ni zan tuƙa, Auta. Ki kwantar da hankalinki."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai ɗan gaskiya a maganarsa, zanen ne yanzu a ƙasa. Amma faɗin abin da yake taɓa kwalta bai ƙaru ba, bai fi yatsu uku ba, kuma gobe doya za ta ƙara danne shi. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na tsoro ba wannan karon. Na yi duk abin da zan iya, na zubar da jini ma, abin da na samu shi ne an juya taya.

Da safe Mama ta fito da zanenta na kasuwa da jakarta. Yayana ya riga ya tayar da inji, ya nemi izini a ofis. Ni ina tsaye a ƙofar kicin, na riga na ce ba zan je ba, kuma na kasa komawa ciki. Mama ta fara zagayenta. Ta shuri ta gaba ta dama. Ta shuri ta gaba ta hagu. Ta zo ta baya ta ɗaga ƙafa, sai ƙafar ta tsaya a sama.

Wayoyin suna nan a waje yanzu, a daidai inda take dubawa, rana tana haska su. Ta sauke ƙafar a hankali. Ta sunkuya, ta kai yatsa kusa, ba ta taɓa ba. Ta zagaya ta dubi ɗayar.

"Wannan jiya ba haka yake ba."

"Juyawa aka yi, Mama. Da yana ciki ne. Yanzu ba ya taɓa ƙasa."

"Da yana ciki."

"E."

"Ranar da muka je ma yana ciki?"

Injin yana ta aiki. Mama ta ɗago ta kalle ni, ta kalli yatsuna da na ɗaure da ƙyalle, ta kau da kai. Na jira ta yi faɗa. Na jira ta ce wani abu, ko kalma ɗaya, a gabansa. Maƙwabta suna wucewa ta ƙofa suna gaisuwa, tana amsawa kamar kullum.

"Buɗe mini but," ta ce.

Ya buɗe. Ta kwashe buhunanta ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe, ta ninke. Ta ɗauki igiyar ta naɗe a hannu. Har ɗan tsumman da take ɗaure kai da shi idan rana ta yi zafi ta cire daga aljihun ƙofa.

"Kashe injin, kana ƙona mai. Tafi aikinka, kada su ce ba ka zuwa. Auta, sa takalmi, ki tare mana keke mai ƙafa uku zuwa tasha."

"Mama, zan kai ku tashar mana."

"Ka gode. Keke yana nan."

A motar haya muka je, a bayan a-kori-kura muka dawo, mu da doya da wasu mata uku da akuya. Da muka zo kwanar na runtse ido. Na ji hannun Mama ya kama wuyan hannuna ya matse, bai saki ba sai da muka hau gadar Nukkai.

Tun daga ranar ba ta sake shiga motar ba, ko coci a keke take zuwa. Abin da nake so ke nan, kuma na samu, ya kamata in yi shiru. Amma ran Asabar ɗin nan yayana ya je bikinsa a Mayo Gwoi, aka turo mini bidiyon a waya, motar Baba tana zagaye a karkace mutane suna tafi, na goge ban gama kallo ba. Sifirin har yau ba a nemo ba. Kawu yana nan a kan hukuncinsa, duk inda zancen tuƙi ya taso sai ya ba da labarina a matsayin misali. Ran Lahadi kuma bayan sujada na ji wata daga cikin matan zumunta tana tambayar Mama me ya sa ta daina zuwa Iware da motar gida. Na rage tafiya don in ji amsar.

Mama ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Mai ya yi tsada."